Jirin da ya ƙi tafiya: kemis za a koma, ko Shika za a nufa?

Duk gidan da jiri ya zauna wa mutum sati biyu ko uku, za ka tarar shawara ta rabu kashi-kashi. Wannan ya ce jini ne ya yi ƙasa, a sayo maganin ƙarin jini. Wancan ya ce a'a, hawa ya yi. Maƙwabciya ta leƙo ta ce taifod ce, ita ma haka ta yi mata bara. Dattijon gida kuma ya ce wannan ba na asibiti ba ne, a nemi malam. Shi kuwa mai ciwon yana dafe da bango, kuma abin da ke aljihunsa ba zai kai shi ko'ina da ko'ina ba, dole ya zaɓi inda zai fara. A Zariya zaɓin ba ya wuce kemis ɗin bakin layi, asibitin da ke kusa da gida, ko a ɗaure a tafi asibitin koyarwa na Shika wajen ƙwararru. Kowanne da irin jirin da ya dace da shi. Abin da na ga yana cinye wa mutane kuɗi da watanni shi ne kai jirin ƙofar da ba tasa ba.

Akwai dai jirin da ba a zaman shawara a kansa. Idan ya zo farat ɗaya, sannan baki ya karkace, ko harshe ya yi nauyi, ko hannu ko ƙafa ta saki, ko mutum yana ganin abu ɗaya ya zama biyu, ko ya kasa tsayuwa sai an riƙe shi, ko kai ya sara masa irin saran da bai taɓa ji ba, to a ɗauka shanyewar ɓarin jiki ce har sai likita ya ce ba ita ba ce. Balle ga mai hawan jini, ko mai ciwon suga, ko wanda ya manyanta. Sashen gaggawa za a nufa a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne, domin maganin da ke narkar da gudan jinin da ya toshe jijiya cikin awa 4 da rabi na farko ake ba da shi. Haka wanda ya suma, da wanda jirinsa ya zo da ciwon ƙirji ko bugun zuciya marar tsari, da mai juna biyu da ke zubar da jini. Wanda kunnensa ɗaya ya daina ji kwatsam shi ma kada ya kwana yana jira, maganinsa ya fi amfani a kwanakin farko.

Sauran kuwa tambaya biyu ce take raba su, kuma mai ciwon ya fi kowane likita sanin amsarta. Idan jirin ya zo, tsawon wane lokaci yake ɗauka: daƙiƙu, awanni, kwanaki, ko kullum yana nan? Sannan me ke tayar da shi: juyawa a gado, miƙewa tsaye, shiga cunkoso, ko haka kawai yake zuwa? Wanda ya zauna ya amsa waɗannan tsakaninsa da Allah ya riga ya san rabin hanyar da zai bi.

Kemis yana da abin da ya fi kowa da shi, kuma ba adalci ba ne a raina shi. Yana kusa, ba yankar kati, ba layi, ba kuɗin mota, wani ma ya ba ka bashi. Abin da zai miƙo maka kusan sananne ne: Stugeron, ko Stemetil, ko promethazine, a haɗa da kwalbar ƙarin jini, sau da yawa har da na maleriya da na taifod. Ukun farkon nan suna aiki. Suna kwantar da sashen da ke kula da daidaituwar jiki, amai ya tsaya, mutum ya samu barci. Ga wanda ɗaki ke juya masa yana ta kelaya amai, kwana biyu ko uku a kansu rahama ce. Daga nan ne lissafin yake juyewa. Idan kunne ɗaya ya samu rauni, ƙwaƙwalwa tana da baiwar gyara abin da kanta: a hankali take koyon dogaro da ɗaya kunnen, da ido, da abin da tafin ƙafa yake ji a ƙasa. Sai dai ba ta koyo sai ta ji kuskuren, ƙwayar kuma aikinta ke nan, ta hana ta ji. Shi ya sa za ka ga mutum ya yi wata uku yana shan Stugeron safe da dare, hajijiyar farko ta daɗe da wucewa, amma har yanzu yana tafiya yana layi, kai ya yi masa nauyi, barci ba ya isarsa. Ga tsofaffi abin ya fi haka muni. Cinnarizine da ke cikin Stugeron, da prochlorperazine da ke cikin Stemetil, idan aka daɗe ana shan su suna iya kawo rawar hannu da ƙagewar jiki da tafiyar ja da ƙafa irin ta mai cutar Parkinson, ga kuma faɗuwa. Tsohuwar da ta faɗi ta karya ƙugu ta shiga matsalar da ta ninka jirin.

Abu ɗaya da nake roƙon kowa ya kiyaye a kemis shi ne allurar gentamicin. Magani ne mai kyau a inda likita ya ga buƙatarsa, amma yana iya lalata sashen daidaituwa na kunnuwa biyu gaba ɗaya, kuma sau da yawa ba ya dawowa. Wanda ya same shi ba hajijiya yake ji ba. Idan yana tafiya sai ya ga duniya tana tsalle a gabansa, da dare kuwa ba ya iya taka ƙasa marar daidai. A yi wa mai jiri wannan allura a kan zaton taifod babban ganganci ne. Ita kanta taifod ɗin, gwajin Widal da ake dogara da shi yana nuna alamarta ga mutane da yawa da lafiyarsu ƙalau, kuma taifod ba ta zuwa da jiri kaɗai ba tare da zazzaɓi ba.

To kemis na kwana uku ne. Wanda jirinsa ya wuce haka, ko yake tafiya yana dawowa, asibitin kusa ya fi masa, ko Gambo Sawaba a Ƙofan Gayan, ko na Wusasa, ko ƙaramin asibitin unguwa, ko asibitin jami'a ga mutanen Samaru. Mutane suna raina wannan mataki, alhali yawancin jirin da ba na kunne ba ne a nan ake kama shi, da gwaje-gwaje masu araha.

Ka ɗauki mutumin da jirinsa na miƙewa ne. Yana zaune lafiya, ya tashi, idonsa ya yi duhu, ya nemi abin dafawa, bayan 'yan daƙiƙu ya washe. Ɗaki ba ya juya masa. Wannan awon jini yake buƙata, amma ba irin wanda aka saba yi a zaune a kujera ba. A kwantar da shi minti 5, a auna. Ya miƙe tsaye, a sake aunawa bayan minti 1, a kuma aunawa bayan minti 3. Idan lambar sama ta sauka da 20, ko ta ƙasa ta sauka da 10, an gano abin. Ka roƙi ma'aikaciyar jinya ta yi maka haka da kanka, domin a cikin cunkoson safiya ba kowa ke tunawa ba. Abin da ke jawo shi sau da yawa yana cikin ledar magungunan mutum: maganin hawan jini da ya yi masa ƙarfi, mai sa fitsari, na kumburin mafitsarar maza irin su tamsulosin, na barci irin su diazepam. A haɗa da zafin Maris da Afrilu na garin nan, ko azumi, ko gudawa, ruwan jiki ya ragu. Gyaran awon magani da shan ruwa su ne maganinsa, kuma likita ne zai rage, ba mai shan maganin ba.

Maganar hawan jini tana buƙatar tsayawa kaɗan, don ita ce amsar da ta fi saurin fitowa a bakin kowa. Hawan jini yawanci ba ya nuna alama, shi ya sa yake da haɗari. Mutum ya ji hajijiya ya firgita, a auna a ga jini ya hau, sai a ce an gano. Sau da yawa tsoron ne ya hau da shi. A kula da hawan jinin don kansa, amma kada a rufe bincike a kansa.

Ƙarancin jini kuwa ana auna shi, ba a zatonsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a 13 ga namiji, 12 ga mace, 11 ga mai juna biyu, a ma'aunin sinadarin haemoglobin. Digon jini kaɗan ya isa a sani. Idan ya yi ƙasa, tambayar da ta fi kwalbar ƙarin jini muhimmanci ita ce ina yake tafiya: al'ada mai yawa, haihuwa kusa da kusa, tsutsar ciki, maleriya, sikila, ko gyambon ciki ga mai yawan shan diclofenac da ibuprofen, wanda bayan gidansa kan yi baƙi. Mai ciwon suga da ke shan glibenclamide ko yake allurar insulin, idan jiri ya zo masa da gumi da rawar jiki da yunwa, a auna nan take. Ƙasa da 70 a ma'aunin mg/dL faɗuwar suga ce, abu mai zaƙi yake buƙata a lokacin, sannan a sake duba maganinsa.

Akwai kuma wanda ba gwajin jini ke nuna shi ba, sai tambaya. Idan mutanen ɗaki ɗaya suna tashi da safe da ciwon kai da jiri tare, kuma suna samun sauƙi da sun fita waje, a duba inda janareta yake kwana, da kaskon gawayin da ake shiga da shi ɗaki lokacin hunturu. Iskar da ke kisa a cikin hayaƙinsu ba ta da wari, ba ta da launi.

Inda asibitin kusa yake gazawa, inda kuma tafiya wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro take biyan kuɗinta, shi ne jirin da ɗaki yake juyawa da gaske. A cikin kowane kunne, can ciki bayan dodon kunne, akwai 'yan bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa, su ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda kai ya juya. Kusa da su akwai wasu ƙananan duwatsu na sinadarin kalsiyam, ido ba ya ganinsu. Wani lokaci, saboda shekaru, ko buguwa a kai, ko doguwar jinya a kwance, ko ba dalili ma, duwatsun su ɓalle su faɗa cikin bututu ɗaya. Duk sanda kai ya karkata ta wannan ɓangare sai su gangara su ja ruwan, ƙwaƙwalwa ta samu labarin ƙarya cewa ana juyawa. Wannan shi ne ya fi kowane irin hajijiya yawa, likitoci suna taƙaita sunansa da BPPV, kuma ya fi kama mata da waɗanda suka haura 50. Alamarsa ba ta ɓuya: juyawa a gado, ɗaga kai a ɗauko abu a sama, ruku'u ko sujada ko ɗagowa daga gare ta. Ya zo da ƙarfi, bai kai minti ɗaya ba ya lafa.

Gwaggona a Tudun Wada irinsa ta yi. Ta sha ƙarin ruwa, ta sha na taifod, ta koma barci a zaune da matasai a bayanta don tsoron kwanciya. Ranar da likitan kunne ya gan ta, bai rubuta komai ba tukuna. Ya zaunar da ita a gadon gwaji, ya ce, "Hajiya, zan tayar miki da jirin nan da gangan, ki yi haƙuri. Abu ɗaya nake roƙo, kada ki rufe ido." Ya kama kanta da hannu biyu, ya karkata shi dama, ya kwantar da ita da sauri har kan ya ɗan sauka ƙasa da bakin gadon. Daƙiƙu kaɗan ba abin da ya faru. Sai ta damƙe masa hannun riga, ta ce, "Wayyo ɗan nan, riƙe ni, gadon zai kife!" Ya ce in matso in ga idonta. Ƙwayar idon tana fizga tana murɗawa da kanta, sannan a hankali ta tsaya. Ya ce kunnen dama ne. Bai tashe ta ba. Ya juya kan zuwa hagu ya riƙe kamar rabin minti, ya mirgina ta a kan kafaɗar hagu fuskarta na kallon ƙasa ya sake riƙewa, sannan ya zaunar da ita haɓa a ƙasa. Kamar tsakuwa ce ta shiga lanƙwasasshen tiyo, ana juya tiyon har ta fito ta bakin da ta shiga. Da ya sake kwantar da ita a karo na biyu, idon bai motsa ba.

Gwajin farkon nan likitoci biyu na Ingila, Margaret Dix da Charles Hallpike, suka bayyana shi a 1952. Juya kan kuma na John Epley ne, likitan kunne a Amurka, wanda ya wallafa shi a 1992. Kusan mutum 8 cikin 10 suna warkewa da yi ɗaya ko biyu. Ba allura, ba ƙwaya, ba inji. Ka ajiye wannan kusa da watannin Stugeron ka kwatanta: ƙwayar ba ta iya motsa dutse ko ɗaya daga inda ya maƙale. Yana ba ni takaici yadda abu mai sauƙi haka bai kai kowane ƙaramin asibiti ba, domin ba sai ƙwararre ne kaɗai zai iya yin sa ba, likitan gama-gari da mai gashin ƙashi da suka koya suna yi. Ka tambaya a asibitin kusa ko akwai wanda ya iya. In akwai, ka huta da tafiyar. Jirin yakan dawo wa wasu bayan watanni ko shekaru, a sake juyawa ya tafi. Ana iya koya wa mutum ya riƙa yi a gida, amma karon farko kada ya kwaikwaya daga bidiyon waya, don sai an san kunnen da abin yake da kuma bututun, kuma mai ciwon wuya ko na baya ana sauya masa salon.

Sauran cututtukan kunnen tsawon lokacinsu ke raba su. Wanda hajijiya ta kwantar da shi kwanaki a jere ba tsayawa, da amai, sau da yawa bayan mura, jijiyar daidaituwa ce ta kumbura. Mafi tsananin yakan wuce cikin 'yan kwanaki, layin tafiya ya ɗauki makonni. Wannan ne ya fi kama da shanyewar ɓarin jiki, don haka likita ne zai raba su, ba 'yan gida ba. Wanda take zo masa ta yi daga minti 20 zuwa awa 12, kunne ɗaya ya toshe yana ƙugi, ji yana raguwa yana dawowa, ana tunanin cutar Meniere, wadda likitan Faransa Prosper Meniere ya bayyana a 1861. Ita sai da gwajin ji ake tabbatar da ita, kuma a nan ne rage gishiri da dunƙule, da kuma shan maganin betahistine, suke da gurbi. Ba kowane mai jiri ne betahistine ya dace da shi ba, duk da yadda ake raba shi. Akwai kuma jirin ciwon ɓarin kai, wanda ake yawan mantawa da shi, musamman ga mata. Yana iya ɗaukar minti 5, yana iya kai kwana 3, haske da ƙara suna damun mai shi, kuma ba lallai kan ya yi ciwo a lokacin ba. Rashin barci, tsallake abinci da lokacin al'ada suna tayar da shi. Maganinsa na ciwon ɓarin kai ne.

Tsakanin Shika da Kaduna kuma fa? Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika fifikonsa shi ne komai na wuri ɗaya: likitan kunne, na jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, na zuciya, da sashen gashin ƙashi. Ga dattijo mai hawan jini da suga wanda ba a san ko kunne ne ko zuciya ko ƙwaƙwalwa ba, nan ya fi. Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wajen kilomita 80 daga nan, aikinta ke nan kacokan, don haka ta dace da wanda matsalarsa ta fito fili ta kunne ce, mai ƙugi da raguwar ji. Amma tafiyar mota ga mai hajijiya ba ƙaramin abu ba ce, kuma ban ga dalilin tsallake Shika a karon farko ba. Ko ina za a je, takardar turawa daga ƙaramin asibiti tana rage wahala, a kuma tambayi ranar da likitocin sashen suke ganin marasa lafiya kafin a biya kuɗin mota. Mai inshorar lafiya, ta tarayya ko ta KADCHMA ta jihar Kaduna, ya bi ta asibitin da ya yi rajista don a rage masa nauyi.

Hoton ƙwaƙwalwa shi ne inda kuɗi masu yawa suke tafiya. Iyali su haɗa kuɗi a yi hoto, ya fito ba komai, a dawo gida da jirin da kuma sabon tsoro: tunda inji bai gani ba, ashe ba na asibiti ba ne. Hoto ba ya nuna duwatsun kunne, ba ya nuna ciwon ɓarin kai, ba ya nuna faɗuwar jini a tsaye. Hoton CT ma yakan kasa ganin toshewar jijiya a bayan ƙwaƙwalwa a awannin farko, MRI ya fi shi a nan. Hoto yana da muhallinsa: alamun gaggawar nan da na ambata, buguwa a kai, ji da ke raguwa a kunne ɗaya a hankali, ko abin da likita ya gani a motsin ido bai gamsu ba. Likitan da ya ba ka minti goma yana tambaya, ya duba idonka, ya sa ka yi tafiya a gabansa, ya kwantar da kai ya juya kanka, ya fi maka hoton da ka nema da kanka.

Zaɓi na ƙarshe a cikin gida ake yin sa, kuma shi ya fi wuya: kwanciya ko motsi. Tausayi yana sa mu ce wa mai jiri ya kwanta, kada ya fita, a kawo masa komai. Kwana biyun farko daidai ne. Bayan haka kwanciyar ita ke riƙe shi. Tun shekarun 1940 Cawthorne da Cooksey a Ingila suka tsara motsa kai da ido ga masu raunin kunne, har yau a kan wannan tushe ake aiki. Mafi sauƙinsa: ka rubuta harafi babba a takarda, ka riƙe ta a tsawon hannu, ka kafa masa ido, ka riƙa juya kai dama da hagu ba tare da harafin ya ɓace maka ba, kamar minti ɗaya, sau da dama a yini. Daga zaune a koma tsaye, daga tsaye a koma tafiya a tsakar gida kusa da bango. Zai ɗan tayar da jirin, kuma haka ake so, muddin yana lafawa bayan 'yan mintuna. Mai gashin ƙashi shi ke tsara wa kowa gwargwadonsa.

Wannan ya fi muhimmanci ga mutanen da na fi tausaya wa, waɗanda duk gwajinsu ya fito lafiya amma jirin na nan kusan kullum, wata 3 ko fiye. Ɗaki ba ya juya musu. Suna jin ƙasa tana lilo, kai ba nasu ba. Kasuwar Sabon Gari, cunkoson Kwangila, kallon waya ana jan hotuna, duk suna tsananta shi, kwanciya kuma ta rage shi. Sau da yawa wata hajijiya ta gaske ce ta fara, ta warke, amma ƙwaƙwalwa ta ƙi sakin jiki, ta ci gaba da tsaron kowane taku. A 2017 ƙungiyar Barany ta masana wannan fanni ta fitar da ƙa'idojin gane shi, ana kiransa PPPD. Ba raki ba ne, ba hauka ba ne, kuma ana samun sauƙi: motsa jikin nan, komawa wuraren da ake gudu kaɗan-kaɗan, zama da masanin halayyar ɗan Adam, wani lokaci da magani irin sertraline a hannun likita. Fargaba da jiri suna ciyar da juna, don haka idan likita ya tambayi damuwarka ba yana ƙaryata ka ba ne.

Addu'a da ruƙiyya ba su hana ko ɗaya daga cikin waɗannan, mutum ya riƙe su ya kuma je a duba shi. Abin da nake tsoro shi ne jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, musamman mai sa gudawa ga wanda ruwan jikinsa ya riga ya yi ƙasa, da ƙaho ga mai ƙarancin jini, da ɗiga mai ko ruwan ganye a kunne. Inda matsalar take, abin da aka ɗiga ba ya kai wa can, idan kuma dodon kunne ya huje sai ya yi ɓarna.

Kafin a gano dalilin, mai jiri ya ajiye tuƙin mota da babur, kada ya hau tsani ko rufin ɗaki, kada ya ja ruwa a rijiya, mace kuma kada ta sauke tukunya mai zafi ita kaɗai. In zai tashi daga barci ya zauna a bakin gado tukuna, da fitila a kusa. Wanda ruku'u da sujada ke tayar masa, shari'a ta ba shi sauƙin yin salla a zaune, kamar yadda ya zo a hadisin Imrana ɗan Husaini. Ranar zuwa asibiti a tafi da ledar magungunan gaba ɗaya, har da na kemis da na gargajiya, da ɗan rubutu na ranakun da jirin ya zo, tsawon da ya ɗauka, da abin da mutum yake yi a lokacin. In wani a gida zai iya ɗaukar bidiyon idanun da waya sanda hajijiyar take kan ganiyarta, a tafi da shi. A tambayi likita ko a dakatar da Stugeron kwana ɗaya ko biyu kafin ranar gwajin, domin yana iya ɓoye fizgar idon da ake nema.